Steam, Epic ko GOG: a ina ɗalibin da zai koma gida ya kamata ya sayi wasanninsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Madina, saura mini shekara biyu in kammala in koma Katsina. Na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka mai ɗan ƙarfi, na kuma ware riyal 300 don wasanni. Abokai sun raba mini hankali. Wasu sun ce Steam, wasu sun ce Epic saboda kyauta, wani ya ce GOG, wani kuma ya nuna mini shafin da ake sayar da lambar wasa a kan kusan rabin kuɗi. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya sa a gama lafiya. Sana'ata harhaɗa kwamfuta da gyaranta a Jidda, kuma da yawa daga cikin masu zuwa wurina samari ne 'yan gem, don haka wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a kunnena. Amma a cikin duk abin da ka rubuto, maganar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce saura maka shekara biyu ka koma gida. A kanta zan ɗora amsar, domin abin da ya dace da ɗan ƙasa wanda zai mutu a kan lambar waya ɗaya da katin banki ɗaya ba lallai ya dace da mai igama, wato takardar zaman baƙo a Saudiyya, ba.

Ka fara riƙe wannan: a yawancin kantunan nan ba wasa kake saya ba, izinin buga wasa kake saya, izinin kuma a ɗaure yake da asusunka. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Tun watan Oktoba na 2024 Steam da kanta take rubuta wa mai saye a shafin biya cewa lasisi ne yake saya, bayan jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa kantuna su daina ɓoye hakan. Wanda yake ganin magana ce kawai ta takarda, ya tambayi waɗanda suka sayi wasan tseren mota The Crew. Ubisoft ta kashe sabar wasan a ƙarshen Maris na 2024, ya zama ba ya buɗuwa kwata-kwata ko ga wanda ya biya cikakken kuɗi. To idan haka ne, dukiyarka ita ce asusun. Tambayar kuma ta koma: a wane kanti asusunka zai fi daɗewa yana maka amfani, a Madina yau, a Katsina gobe?

Steam ita ce uwar kasuwa, kuma nan nake so ka kafa gidanka. Kamfanin Valve ne ya buɗe ta a 2003, mutane suka shige ta ala tilas a 2004 lokacin da Half-Life 2 ya fito ba ya kunnuwa sai da ita. Yau kuwa ba wanda ake tilasta wa. A watan Maris na 2025 masu amfani da ita a lokaci guda sun haura miliyan 40. Amfanin wannan taro gare ka a bayyane yake: kusan duk wasan da ka ji ana maganarsa yana can, abokanka suna can, kuma a ƙarƙashin kowane wasa akwai ra'ayoyin waɗanda suka saya, tare da adadin awannin da kowannensu ya buga. Idan wasa yana sarƙewa a kan irin kwamfutarka, wani ya riga ka gani ya rubuta, sau da yawa har da maganin. A wurin aikina na fi samun mafita a waɗannan shafuka fiye da shafukan kamfanonin da suka yi wasannin.

Abu biyu a Steam suka fi shafar aljihunka. Na ɗaya, farashinta da riyal yake ga mazaunin Saudiyya, don haka babu canjin kuɗi tsakaninka da banki. Katin mada, wato katin bankunan Saudiyya, mai ɗauke da tambarin Visa ko Mastercard yakan yi aiki, idan kuma ya ƙi, sai ka sayi katin cika asusu na Steam daga kanti sananne irin su Jarir, ka tabbatar na riyal ne na Saudiyya. Na biyu shi ne maida kuɗi, kuma wannan ka ɗauke shi da muhimmanci. Tun 2015 ƙa'idarsu ita ce idan ba a wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba ka buga awa 2 ba, za a maida maka kuɗinka. Ka ce kwamfutarka tana da ɗan ƙarfi, amma ba ka faɗi irin katin hotonta (graphics card) ba. Na sha ganin kwamfuta mai kyan jiki da sabon furosesa, ashe ba ta da katin hoto na daban, babban wasa yana jan ƙafa a kanta. Awa biyun nan su ne gwajinka. Ka saya, ka buɗe, ka wuce gabatarwa da sauri ka shiga wurin da ake gwabzawa, ka saurari fanka, ka taɓa jikin kwamfutar. Idan ta gaza, ka nemi kuɗinka a ranar. Ka lura agogon yana tafiya ne muddin wasan yana buɗe, ko da ka tashi ka tafi masallaci ka bar shi a kan allon farko. Kada kuma ka mayar da abin hanyar buga wasanni kyauta, domin suna iya janye maka damar idan suka ga ta yi yawa.

Kada ka sayi komai da cikakken farashi sai da dalili mai ƙarfi. Sabon babban wasa yanzu dala 70 ne, riyal kuma a ɗaure take da dala a kan 3.75, ka ga wajen riyal 262 ke nan, wasa ɗaya ya kusa lashe duk abin da ka ware. Steam tana yin babban rangwame a ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, da wasu a tsakani. Ka zuba abin da kake so a jerin buri, za su aiko maka da saƙo ranar da ya sauka. Wasan da ya shekara uku ko huɗu yakan sauko zuwa rabin kuɗinsa ko rubu'i. Akwai shafin SteamDB da ke nuna tarihin farashin kowane wasa, har da na riyal, sai ka gane ko rangwamen na gaske ne ko kuwa an taɓa sauke shi ƙasa da haka. Ka riƙa duba jimillar da ke shafin biya na ƙarshe a kowane kanti, saboda harajin VAT a nan kashi 15 cikin 100 ne tun Yulin 2020.

Epic kuma ka buɗe asusu a cikinta yau ɗin nan, amma ba don ka kashe kuɗi ba. An buɗe kantin a Disamba 2018 da niyyar karya Steam. Valve tana ɗaukar kashi 30 cikin 100 na kuɗin wasa, sai ciniki ya haura dala miliyan 10 ta sauko zuwa 25, ya haura miliyan 50 ta sauko zuwa 20. Epic ta ce ita 12 kawai za ta ɗauka. Wannan alheri ne ga masu yin wasa, kuma ina ganin gasar ta amfani kowa, har Microsoft ta sauke nata kason zuwa 12 a 2021. Sai dai mai saye bai cika ganin bambancin a farashi ba. Abin da ya iso hannunmu shi ne kyautar mako. Kowace Alhamis suna sanya wasa ɗaya ko biyu kyauta, wanda ya karɓa a cikin makon ya zama nasa. A agogonmu sauyin yana faɗowa ƙarfe 6 na yamma a watannin zafi, ƙarfe 7 a watannin sanyi, daidai lokacin da hutun ƙarshen mako yake kamawa. Kuma ba tarkace kaɗai suke bayarwa ba: a watan Mayu na 2020 sun ba da GTA V, cunkoso ya durƙusar da kantin na awanni, mako na gaba suka ba da Civilization VI. Ba sai ka sauke wasan ba, danna karɓa kawai ya isa, ko ta burauzar waya. Shekara biyu kana haka, ka lissafa makonni ɗari da ɗoriya. Za ka koma Katsina da rumbun da ba ka biya ko sisi ba.

Dalilin da ya sa ban ce ka mai da ita gida ba shi ne manhajar tata ba ta kai ta Steam ba. Kwandon sayayya ma sai a Disamba 2021 suka sa, babu dandalin tattaunawa a ƙarƙashin wasa, kuma ra'ayoyin masu saye ba su da zurfin na Steam. Ƙa'idar maida kuɗinsu iri ɗaya ce, kwana 14 da awa 2. Akwai wasannin da sai a can: Fortnite nasu ne, Rocket League ya koma can tun 2020, Alan Wake 2 su suka ɗauki nauyinsa. Wasu kuma sukan tsaya a can shekara guda kafin su iso Steam, kamar yadda Metro Exodus ya yi daga 2019 zuwa 2020. Idan rangwame ya sa abu ya fi araha sosai a Epic, ka saya, ba laifi.

Yanzu GOG, wadda aboki ɗaya ne kawai ya ambata maka, kuma a ganina shi ne ya fi hango halin da za ka shiga. Kamfanin CD Projekt na ƙasar Foland, masu The Witcher da Cyberpunk 2077, su suka kafa ta a 2008. Bambancinta guda ɗaya ne amma babba: wasanninta ba su da kwaɗon da ake kira DRM, wato manhajar da ke tsayawa tana tambayar sabar kamfani ko kana da izini kafin wasa ya buɗe. Idan ka saya a GOG, za ka iya sauke fayilolin girkawa gaba ɗaya, waɗanda suke zuwa gunduwa-gunduwa kusan gigabait 4 kowanne, ka adana su a hadis (hard disk) na waje. Daga nan ba ka buƙatar intanet, ba ka buƙatar manhajarsu ta Galaxy, ba ka buƙatar shiga asusu. Ko kwamfuta ta lalace ka sake sabuwa, sai ka jona hadis ka girka. A takarda nan ma lasisi ne, amma fayil ɗin yana hannunka, ba mai iya shigowa ɗakinka ya goge shi. Ka yi tunanin ranar da kake gida, data ta yi tsada, sabis yana rawa, wuta ta zo na awa biyu. Cyberpunk 2077 yana neman wajen gigabait 70, Baldur's Gate 3 yana neman 150. Sauke irin wannan da datar waya a gida hasara ce. A nan kuwa dare ɗaya ne a kan intanet mai kyau.

Maida kuɗinsu ma ya fi na kowa sauƙi, kwana 30 ko ka buga wasan, tun 2020. Inda ta gaza kuwa: manyan kamfanoni da yawa ba sa yarda su saki sabon wasa ba kwaɗo, don haka ba za ka sami EA Sports FC ko sabon Call of Duty ko GTA V a can ba. Ƙarfinta yana wajen tsofaffin wasanni da aka gyara su yi aiki a kan Windows na yanzu, da wasannin labari na mutum ɗaya, da na dabarun yaƙi da gina gari. Da kuɗin waje za ka biya, bankinka zai ɗora ɗan kaso na canji. Duk da haka, duk wasan mutum ɗaya da na samu a Steam da GOG a farashi kusan ɗaya, a GOG nake ce wa mai shirin komawa gida ya saya.

Kada ka fahimce ni cewa Steam ba ta aiki sai da intanet. Tana da yanayin buga wasa ba tare da haɗi ba, kuma yana aiki idan ka riga ka shiga asusun, ka buɗe wasan sau ɗaya. Tana kuma ba ka damar kwafe fayilolin wasa zuwa hadis. Matsalar tana zuwa ne daga wasannin da ke da ƙarin kwaɗo irin Denuvo, wanda yakan nemi intanet lokaci zuwa lokaci, da waɗanda suke buƙatar asusun wani kamfani. A gefen dama na shafin kowane wasa ana rubuta wannan a cikin ɗan akwati. Ka karanta shi kafin ka biya. Wasan ƙwallo na EA ko a Steam ka saye shi sai ka buɗe asusun EA, na Ubisoft sai manhajarsu ta Ubisoft Connect. Valorant da League of Legends kuwa manhajar Riot ce tasu, Counter-Strike 2 da Dota 2 sai Steam, kuma duk huɗun kyauta ne. Ga wasan da za ka buga da abokai, ka tambaye su inda suke kafin ka saya.

Game Pass na Microsoft haya ce ta wata-wata. Tana da daɗi ga mai intanet marar iyaka da lokacin hutu, ka biya wata ɗaya ka ɗanɗana wasanni da yawa, har da sababbi ranar fitowarsu. Amma wasanni suna shiga suna fita, farashin ya tashi fiye da sau ɗaya, kuma ranar da ka daina biya ba abin da ya rage maka. Kayan aro ba ya rufe katara. Ka yi wata ɗaya a lokacin hutu idan kana so, ka kashe sabuntawar kai-tsaye a ranar da ka biya.

Sai shafin rabin kuɗi da aka nuna maka. Masu sayar da lambar wasa, wato lambar da ake shigarwa a kanti irin Steam wasan ya shiga asusunka, iri biyu ne, kuma a ido suna kama. Akwai dillalai masu izini, irin su Humble Bundle da Fanatical da Green Man Gaming, waɗanda suke karɓar lambobi kai-tsaye daga masu wasan. Waɗannan ba matsala, kuma shafin IsThereAnyDeal yana jera farashin irinsu wuri ɗaya. Ka dai duba cewa lambar tana kunnuwa a Saudiyya, ka kuma san Valve ba ta maida kuɗin abin da ba a kantinta aka saya ba. Akwai kuma kasuwannin da kowa yake iya baje kolinsa, shafin yana karɓar kamasho kawai, bai san asalin kowace lamba ba. Wata an sayo ta ne daga ƙasa mai arahar farashi, wata kuwa da katin banki na sata aka saye ta. A 2020 kasuwar G2A ta amince cewa an sayar da lambobin wasan Factorio 198 na sata ta hanyarta, ta biya masu wasan dala 39,600. Idan mai katin ya kai ƙara aka janye kuɗin, ana iya soke lambar, wasan ya ɓace daga rumbunka. Ban da hasara, akwai tambayar halacci, kai kuma ɗalibin ilimi ne, ka fi ni sanin hukuncin sayen abin da ake kyautata zaton na sata ne.

Wanda ya fi wannan muni shi ne sayen asusu dungurungum. Ana tallarsu a kafafen sada zumunta, a ce ga asusu mai wasanni talatin a kan riyal 40. Wani yaro ɗan unguwarmu ya saya, ya yi wata biyu yana bugawa, har ya ƙara kuɗinsa a ciki. Rana ɗaya mai asusun na asali ya nuna rasitinsa na farko ya karɓe abinsa. Yaron ya zo shago da kwamfutarsa yana roƙo in yi wani abu, kuma babu abin da zan iya yi, domin a idon kanti shi ne baƙo a asusun. Na ji zafin abin ƙwarai, kuɗin da ya tara ne daga ɗan aikin da yake yi. Haka nan masu ce maka ka sa VPN, manhajar da ke ɓoye inda kake, ka mai da ƙasarka Turkiyya ko Ajantina don araha. Yarjejeniyar Steam ta hana ɓoye wurin zama, kuma tun Nuwamba 2023 Valve ta mayar da waɗannan ƙasashe biyu kan dala, garaɓasar ta ragu ƙwarai. Bai kai ka jefa asusunka cikin haɗari ba.

Abin da nake so ka fi kiyayewa shi ne ranar tafiya. Layin wayarka na nan a ɗaure yake da igamarka. Idan ka yi fitar ƙarshe, layin zai mutu ba da daɗewa ba, daga baya a ba wani lambar. Na san mutane fiye da ɗaya da suka koma gida, waya ta ɓace ko ta lalace, kanti ya ce zai tura lambar tabbatarwa zuwa layin Saudiyya da ba ya hannunsu. Don haka tun yau ka buɗe duk asusun nan da imel naka na kanka, ba na jami'a ba. Ka kunna Steam Guard, wato tsarin tsaron asusun Steam, a wayarka, ka rubuta lambar ceto da za ta ba ka a takarda, ka ajiye tare da takardun karatunka. Ka adana rasitin sayayyarka ta farko da hoton katin cika asusu na farko, da su ake tabbatar da mai asusu idan rigima ta taso. Kafin ka tashi, ka sauya lambar waya zuwa ta gida tun layin nan yana raye, ka kashe ragowar riyal ɗin da ke asusun, domin kuɗin da ya shiga asusun Steam ba ya fitowa zuwa banki. Wasannin da ka saya za su bi ka. Abin da zai canja shi ne kantin: Steam ba ta karɓar naira, da dala za ka riƙa gani, kuma ba a sauya ƙasar asusu sai da hanyar biya ta sabuwar ƙasar, sau ɗaya a wata uku. Ka san kuma yadda bankunan gida suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira daga 2022, wasu suka dawo da shi a 2025 da iyaka. Sayen da yake maka sauƙi yau da danna biyu zai iya zama wahala a can.

Idan kana da ƙanne da za ku zauna gida ɗaya, tsarin Steam Families da aka buɗe wa kowa a Satumba 2024 yana haɗa mutum 6 su riƙa buga wasannin juna, yana kuma ba babba damar taƙaita wa yara lokaci da irin wasan da za su gani. Don mutanen gida ɗaya aka yi shi, wanda ya fita kuma sai shekara ta cika daga ranar da ya shiga na farkon kafin ya shiga wani. Ka kula da akwatunan sa'a da ake sayarwa a cikin wasu wasanni, ka biya kuɗi ba ka san abin da zai fito ba. Ƙasar Beljiyam ta ɗauke su a matsayin caca tun 2018, ni ma haka nake ganinsu, kuma su suka fi cinye kuɗin samari fiye da farashin wasan kansa.

Da ni ne da riyal 300 ɗinka, zan fara da sayen hadis na waje daga wani kuɗin daban idan da hali, ko da terabait 1 ne. Sannan in jira rangwame mafi kusa, in kashe wajen 150 a Steam a kan wasa biyu ko uku da zan buga da abokai, wajen 100 a GOG a kan wasannin mutum ɗaya masu tsawo da zan tafi da su, in bar 50 a hannu. Tunda kana karatun Larabci, ka duba jerin harsunan kowane wasa: The Witcher 3 yana da fassarar Larabci a rubuce, Assassin's Creed Mirage kuwa, wanda aka gina a kan Bagadaza ta ƙarni na 9, har muryoyinsa akwai na Larabci. Idan kuma kana son dabarun mulki, Civilization VII da ya fito a Fabrairu 2025 ya sa Sarauniya Amina ta Zazzau cikin shugabannin da ake zaɓa, sai dai ka jira ya sauko, ka kuma gwada shi cikin awa biyun nan. Ka turo mini sunan katin hoton kwamfutarka da girman RAM ɗinta, in faɗa maka waɗanda za ta iya ɗauka kafin ka biya.